Tiyon Yaya Bello

Azumin bazara wahala ne. Duk wanda ya ce maka ya saba da shi, ka bar shi kawai. Na yi shi ina saurayi, ya tafi ya zaga ɗari da damina, ga shi bana ya dawo ya iske ni da furfura da ciwon baya. Zafin bai sake ba. Tun hantsi ƙasa take ɗaukar wuta. Iska in ta buso kamar an buɗe bakin tanda. Kafin azahar miyau ya ƙafe, harshe ya koma kamar guntun fata a baki. Mutum ba ya ma jin yunwa, ruwa kawai yake gani ko ya rufe ido.

Cikin wanga azumi ne wani baƙo ya zo mini ta'aziyyar yayana Bello, wanda ya rasu kafin a ga wata. Yaya Bello malamin jami'a ne can gabas, tafiyar yini guda a mota. Abin da ya koyar duk rayuwarsa shi ne yadda ruwa ke tafiya, cikin bututu, cikin kwata, ƙarƙashin gada. Yaran da za su zama injiniyoyi a hannunsa suke fara wannan karatun. Ni aji huɗu na tsaya a firamare. Da babanmu ya rasu anka ce ɗaya ya riƙe gona, kuma ni anka ce.

Baƙon ya iske ni a zaure, nan Bodinga, bayan la'asar, lokacin da ba mai son a yi masa magana. Ya ce sunansa Dakta Isiyaku. Munka yi addu'a, munka shafa. Na zaci zai tashi, sai ya gyara zama.

“Baba Hali, ni ɗalibinsa ne, yanzu kuma ni na gaji ajin. Akwai tambayar da ya ce mu zo mu yi maka, ban samu zuwa ba sai da ya rasu. Albasar nan, ta yi?”

Kowace shekara ina noman albasa. Amma ban tambaye shi wacce ba. Na san wadda yake nufi.

A wancan azumin na samartaka muna ƙauye, tsakanin Bodinga da Shagari. Daminar da ta gabata ba ta yi kirki ba, ruwa ya ɗauke lokacin da gero ke cikin fitar da kai. Kafin watan azumi ya kama, in ka leƙa rumbunmu kana ganin ƙasansa. Inna, mahaifiyarmu, ta bar auna hatsi da kwanon da ta saba, ta koma wani ƙarami, ba ta ce wa kowa komai ba. Abin da munka sa wa ido shi ne albasar da na dasa. In ta yi, a kai ta kasuwar Bodinga a sayo geron da zai kai mu kaka. In ba ta yi ba, babu wani abu a bayanta.

Ana cikin haka malaman jami'a sunka shiga yajin aiki, anka rufe makaranta, albashi ya tsaya. Yaya Bello ya sauka a bakin hanya da matarsa da 'ya'yansa biyu da kwalin littattafai. Inna ta yi murna. Ni na dubi kwalin, na dubi rumbu.

Ga yadda kwanakin suke. Kafin asuba Inna ta tashe mu, a ci hoce a kora da ruwa. Hocen dawa ne, busasshe, sai ka jiƙa shi kafin ya wuce maƙogwaro. A yi salla. In hau keke in tafi lambu, wajen Shagari, tun gari bai gama wayewa ba, don duk aikin da ba ka yi kafin hantsi ya ɗaga ba, rana ce za ta karɓe shi. Da yamma in dawo, a sha ruwa da farau-farau, ruwa ne da ɗan garin gero yana yawo a ciki. Bayan magariba tuwo, miyar kuka ba mai. Yaran Yaya sun saba da shayi da burodi. Kwanakin farko sun yi kuka, daga baya sunka bari.

Lambun yana gindin wata jinga ta ƙasa da anka tare kwari da ita tun muna yara, ruwan damina ya taru ya zama tafki. Shanu na sha ta gefen arewa, mu masu lambu muna bayan jingar, inda ƙasa ta gangara. Fangulanmu, 'yan filayen da ake kewayewa da ƙasa a dasa albasa, su ne na farko, manne da jinga. Gadon Inna ne, kuma kowa na yi mana sha'awar wurin don kusancinsa da ruwa. Na sauran mutane suna ƙasa da namu, suna bin gangare har cikin kwari. Hakimi ya hana a fasa jingar ko da faɗin hannu, kuma yana da gaskiya. Da injin ban ruwa muke ɗebowa, na haɗin gwiwa, a bi layi.

A shekarar mai ya ɓace. Gidajen mai sun rufe, sai 'yan bumburutu a bakin hanya da galan, kuma abin da suke faɗi ba na talaka ba ne. Injin ya kwanta ƙarƙashin bagaruwa, anka rufe shi da buhu. Jigon ɗebo ruwa ba ya kaiwa, don ruwan ya ja baya daga jingar. Sai garwa. Ka rataya biyu a sanda, ka hau jinga, ka gangara, ka ɗiba, ka sake hawa, ka sake gangarowa. Ka zuba, ƙasa ta shanye kafin ka juya baya. Albasa kuwa ta fara sa kai, lokacin da ta fi bukatar ruwa ke nan. Bakin lawashi ya fara yin rawaya. Ina zuba mata ruwa da bakina a bushe, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba ni da damar kurɓa.

Wata safiya Yaya ya ce zai bi ni. Na goyo shi a keke, da farar hularsa da takalmi sau-ciki. Bai taɓa garwa ba. Ya hau jinga ya tsaya, ya dubi tafki, ya dubi lambu. Ya sauko, ya sake hawa, ya tsuguna yana karkata kai kamar mai duban wata.

“Hali, ruwan tafkin ga da fangalinka, wa ya fi tudu?”

“Yaya, in aiki ka zo ga garwa. In tambaya ka zo yi, azumi nikai.”

“Amsa mini dai.”

“Ruwa bai san tudu ba. Kwari ya sani.”

“To ai ka amsa,” in ji shi.

Haka yake. Ba ya faɗa maka abu kai tsaye, sai ya bi da kai ta tambaya kamar akuya da igiya. Na ɗauki sandata.

Ranar kasuwa ya tafi Bodinga da rediyonsa, ya dawo ba rediyo, sai tiyo mai kauri, guntu-guntu, tsoho da sabo. Ya zauna a tsakar gida yana haɗa su da ƙananan bututu, yana naɗe mahaɗin da robar tayar keke, yana ja har jijiyar wuyansa ta fito. Inna ta tambaye shi ko macijin na ci ne. Ya ce na sha ne.

Da munka kai shi lambu na gane abin da yake nufi, don na ga yadda 'yan bumburutu ke zuƙo mai daga tankin mota.

“Wa za ya zuƙa? Ni dai ba ni karya azumi don albasa.”

“Ba wanda za ya sa baki. Tuɓe rigarka.”

Munka shiga tafki har ƙugu. Ruwan da ɗumi a sama, da sanyi a ƙasa. Munka nutsar da tiyon gaba ɗaya, shi yana bin sa da hannu yana girgizawa har kumfa ta daina fitowa. Ya ɗaure baki ɗaya a jikin dutse a ƙarƙashin ruwa. Ɗaya bakin ya ce in toshe da tafin hannu, kada in bari iska ta shiga ko kaɗan, in ja shi in haye jinga. Tiyo cike da ruwa nauyi gare shi kamar gawa. Na ja, shi yana tallabe tsakiya yana haki. Na gangara har fangalin farko, na tsuguna.

“Saki!”

Na saki. Ya yi tari sau ɗaya, ya tofar da laka, sai ga ruwa. Ba ƙarar inji, ba hayaƙi, ba kowa a kan jinga. Ruwa dai yana fitowa, yana bin kwata, yana shiga fangali. Na tsaya ina kallo. Ban ji murna ba, gajiya ta yi yawa. Abin da na ji shi ne kafaɗata tana zafi inda sanda ke zama, kuma na san gobe ba za ta zauna ba.

Yaya ya sauko yana ɗiga. Ya ɗauki bakin tiyon ya fara ɗaga shi sannu a hankali. Ruwan ya rage ƙarfi. Da ya kai daidai ƙirjinsa, sai ya tsaya cik, yana ƙyalli a bakin tiyo, bai zuba ba, bai koma ba.

“Ka gani? Nan fuskar tafki take, ko da jinga ta ɓoye maka ita. Muddin bakin ga shina ƙasa da nan, ruwa na zuwa. Tafki na raguwa, wurin ga na sauka. Ranar da ya sauka ya kai ƙasa, shi ke nan.”

“Yaushe ke nan?”

“In mu kaɗai ne da shanu, sai ka cire albasa da saura.”

Na ji wannan “in” ɗin. Na ajiye shi.

Kwana biyu lawashinmu ya miƙe, ya yi kore shar. A lambu ba a ɓoye kore. Bawa ne ya fara zuwa, maƙwabcinmu na ƙasa, mutum mai iyali da yawa da baki da yawa. Ya zaga tiyon, ya taɓa shi da ƙafa, ya hau jinga ya nemi inji bai gani ba.

“Hali, aljanin wa kunka ɗauka haya?”

“Na boko,” na ce. “Ba shi aiki sai da takarda.”

Ya yi dariya ya tafi. Washegari sai ga shi da nasa guntun tiyo, ya kwanta rub da ciki a gindin jinga yana zuƙa, idanu sun fito. Ya yi ta ja har wani abu ya taho, rabi ruwa rabi laka, ya wuce masa maƙogwaro. Ya tashi yana kakari yana salati. Masu lambu sunka taru, gardama ta kaure a kan azuminsa. Wani ya ce ya karye, wani ya ce ba da gangan ba ne, wani ya ce wanda ya kwanta ya zuƙi tafki da bakinsa ba ya cewa ba da gangan ba.

“Ku bar ni da Allah,” in ji Bawa, yana share laka daga gemu. Sai ya juya wajen Yaya, ya rage murya. “Malam, Allah shi ba ka nasara, dubi lambuna. Ɗiya goma ke jiran shi. Yaya kunka yi?”

Na kama hannun Yaya na ja shi bayan bagaruwa.

“Yaya, ka kama bakinka.”

“Na ji ka.”

“Kai ka ce in mu kaɗai ne.”

“Ni na ce.”

“In sun yi yawa fa?”

Bai kauce ba, wannan kam ba zan ɗora masa ba. Ya dube ni ya ce, “Namu za ya fara tsayawa. Mu ne a sama. Nasu na ci gaba da zuba bayan namu ya mutu.”

“To?”

Ya juya yana kallon Bawa, wanda ke tsaye da guntun tiyo a hannu kamar wanda anka ƙwace wa akuya anka bar masa igiya.

“Hali, mutum ya tambaye ni abin da na sani.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na saki hannunsa.

A nan gindin bagaruwa ya yi musu darasi. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana jinga da tsinke, ya zana tafki, ya zana tiyo. Ya sa anka kawo garwa biyu, ɗaya a kan injin da ya mutu, ɗaya a ƙasa. Bai faɗa musu komai kai tsaye ba, su ma tambaya ya yi ta yi musu. In na ɗaga nan mi za ya faru? In iska ta shiga nan fa? Dattawa masu furfura suna amsawa suna cacar baki kamar 'yan makarantar allo. Wanda ya faɗi daidai ya ce masa “Madalla, injiniya!” Tun ranar da ya sauka daga mota ban ga haƙoransa ba sai ranar. Muryarsa ma ta sake. Ya mance da azumi, ya mance da zafi. Ina jin ya mance da ni, ko kuma bai mance ba, ban san wanda ya fi ba.

Kafin kasuwa ta zagayo, tiyo ya ƙare a Bodinga, anka koma nema a Shagari. Wanda ya koya ya koya wa wani. In ka hau jinga sai ka gan su jere, baƙi da kore da ja, sun kwanto daga tafki sun gangara kwari. Ba sa gajiya, ba sa azumi. Mutum na gida yana barci suna sha.

Kowace safiya in munka isa, kafin komai Yaya zai ɗauki bakin tiyonmu ya ɗaga. Ni kuma in tsaya in ga inda ruwan zai tsaya a jikinsa. Daga ƙirji ya sauko hanta. Ya sauko cibiya. Ya ajiye, mu kama aiki. Da ya kai ƙugu, ruwan da ke fitowa ya koma kamar na buta. Zafi kuma ya ƙaru, sama fari fat, ko tsuntsu ba ya wucewa. Rana na shan nata, shanu na shan nasu. Da ya kai gwiwa na daina kallo. Shi bai daina ɗagawa ba.

A gida Inna ta lura ba ma magana. Wata yamma muna jiran kiran salla, kowa da ƙwaryarsa a gaba, ta ce, “Ku biyu mi ya haɗa ku?”

“Ba komi, Inna,” in ji Yaya.

“Zafi ne,” na ce.

Ta dube mu, ta ƙara wa farau-farau ruwa.

Cikin goman ƙarshe ya tsaya. Munka iske bakin tiyon kwance a kwata, ƙasar gabansa ta bushe ta tsage, tururuwa na shiga ciki. Yaya ya ce a haƙa rami a sa bakin a ciki, ya fi ƙasa, sai mu riƙa kwarfa da ƙwarya. Munka haƙa. Kamu biyu munka ci karo da dutsen marmara, diga na tashi da wuta. Ɗan abin da ya taru a ramin muna kwarfa, ya yi mana kwanaki kaɗan, shi ma ya ɗauke.

Abin da ba na mantawa shi ne ƙarar. In iska ta kwanta da tsakar rana, daga inda nake tsaye ina jin ruwa na zuba a lambun Bawa. Ƙara ce ƙarama, kamar ana tsiyaya shayi. A can ƙasa ko ka ɗaga bakin tiyo sama da kai ba ya tsayawa.

Na koma garwa. A wannan karon Yaya ya cire farar hular ya yanki sanda. Ruwan ya ja baya sosai, sai ka ratsa laka har ƙwauri kafin ka kai inda za ka ɗiba, laka mai wari, da kashin shanu. Kafaɗar mai riƙe alli ba ta san sanda ba. Ranar farko ta kumbura, ta biyu ta saɓule, rigar ta manne da ciwon. Matarsa tana jiƙa rigar da ruwan ɗumi kafin ta cire. Da safe ya sake sawa. Na ce ya zauna gida, ya ɗauki sandarsa. Sau ɗaya ya faɗi a kan jinga, garwa ta gangara tana ƙara, ruwan ya bi ƙasa. Na tsaya a kansa. Idonsa biyu, leɓɓansa sun yi fari.

“Ka sha ruwa, Yaya. Ka rama bayan salla.”

“Ɗauko mini garwar.”

Na ɗauko masa. Ban ji tausayinsa ba, ban ji haushinsa ba. A lokacin ba abin da nake ji. Ƙafa dai na tafiya.

Bawa ya hauro wata rana, ya tsaya daga nesa, bakin nan nasa ya mutu. Ya ce mu riƙa ɗiba daga bakin tiyonsa, ya fi tsabta. Munka gwada. Hawan daga can ya fi na jinga tsawo. Munka bari.

Mutum biyu masu azumi ba sa shayar da lambu da garwa. Munka zaɓi fangula kaɗan munka bar sauran. Lawashi ya kwanta, ya yi fari, in ka taka sai ya yi ƙara kamar takarda. Daga baya hakimi ya aiko a kwashe tiyo duka saboda shanu, amma a lokacin albasar mutanen ƙasa ta riga ta ƙosa, dama lokacin yanke mata ruwa ya yi.

Bayan salla munka cire. Kawunan kamar goro, wasu ba su kai ba. Na kai abin da ya samu kasuwar Bodinga a bayan jaki. Dillalin ya buɗe bakin buhu, ya juya da yatsa, ya ce, “Wagga iri ce ko ta miya?” A gefena buhunan Bawa ne a jere, manya, jajaye, sai sheƙi suke, ana loda su a babbar mota.

Geron da na sayo bai kai mu noman farko ba. Awakin Inna sunka tafi ɗaya bayan ɗaya. Da ruwa ya sauka munka koma tafasa da rama, a dafa a yi kwaɗo da ɗan ƙuli, ranar da babu ƙuli a ci haka. Ina noma ina ganin duhu-duhu a ido. Bawa ya aiko da buhun gero a kan jaki, ba tare da saƙo ba. Inna ta karɓa ta yi godiya. Na ci. Yunwa ba ta san fushi ba. Da anka yi kaka na bi motar kudu, na yi shekaru ina dakon kaya a kasuwa kafin in dawo in tsaya da ƙafata.

Anka buɗe jami'a tun damina ba ta yi nisa ba. Na raka su bakin hanya, na ɗora kwalin littattafan a mota. Yaya ya riƙe ƙofa.

“Hali.”

“Mota za ta tashi, Yaya.”

Ya shiga.

Daga nan ba mu sake ambaton albasar ba. Ba gaba muke ba. Yana zuwa salla, yana zuwa suna, shi ya yi mini waliyyi, ni na ɗauki makarar Inna tare da shi. Da hali ya samu shi ya sa anka haƙa mini rijiyar burtsatse a lambuna na yanzu, kusa da Dingyadi, da faranti mai aiki da rana. Na ce na gode, ya ce ba komi. Duk mun san mene ne, ba wanda ya faɗa. Tafkin can kuwa yashi ya cike shi, yara na buga ƙwallo a wurin. Samarin yanzu maɓalli suke dannawa. Ban ce sun ji daɗi ba, su ma suna da tasu. Ranar da anka kira ni anka ce ya cika, ina cikin lambu. Na ce Inna lillahi, na ƙarasa fangalin da nake ciki, sannan na wanke ƙafa.

Ban faɗa wa Dakta Isiyaku duk wannan ba. Na tambaye shi dai ina ya san zancen.

“Baba, ai duk wanda ya bi ta hannunsa ya sani. Ranar farko ba ya rubuta komai a allo. Bokiti yake shigowa da shi, da tiyo biyu, da kofi biyu. Ya ɗora bokitin a tebur, kofi ɗaya a kan kujera, ɗaya a ƙasa. Ya ce na ƙasa lambun Bawa ne, na kujera na Hali ne, ƙanena. Ya saki ruwa, ya ce wanne zai fara tsayawa, kuma don me. Mu yi ta gardama, shi yana tsaye. Har na kujera ya tsaya a gabanmu.”

“Sai ya ce mi?”

“Sai ya ce kafin ka ɗora wa mutane bututu, ka duba wa ke sama. Daga nan ya ɗauki alli. Kowace shekara sai an samu wanda ya tambaya, Malam, to albasar Hali ta yi? Sai ya ce, ku je Bodinga ku tambaye shi.”

“Shekara nawa shina haka?”

“Waɗanda suka riga mu sun gani, waɗanda suka biyo mu sun gani.”

“Ba wanda ya zo,” na ce.

Ya sunkuyar da kai. A waje wani ya wuce yana tura kurar ƙanƙara yana talla. Inuwar katanga ta kusa kai bakin zaure, saura kaɗan a sha ruwa.

“Bayan salla zan shiga ajin,” in ji shi. “Bokitin na nan a ofishinsa. Na san za su tambaya.”

“Ba ta yi ba.”

Ya ɗaga kai, yana jira ko akwai saura. Na duba cikina, ban samu wani abu ba.

“Haka zan faɗa musu?”

“Ka faɗa musu. Ka kuma ce musu ta Bawa ta yi.”

Anka kira salla. Munka sha ruwa tare, ya yi magariba ya kama hanya.

Washegari na tafi lambu kamar kullum. Na jira rana ta hau kan farantin, na danna maɓalli, tiyo ya cika ya miƙe. Na ɗauki bakinsa. Ban san dalili ba, na ɗaga shi zuwa gwiwa, zuwa ƙugu, zuwa ƙirji, har sama da kaina. Bai tsaya ba, na inji ne. Ya jiƙa mini hula da riga, na rufe baki kada ya shiga. Sannan na ja shi zuwa fangalin sama na ajiye.